Motar Yaya da Tudun Garinmu

Shekarar da Baba ya sayar da bajimansa biyu na amalanke, ni ban goyi baya ba, kuma ban ɓoye ba. Yayana ne ya daɗe yana yi masa daɗin baki, wai a haɗa kuɗinsu da abin da ya tara a tuƙin motar mutane a sayi kamiyo, wato babbar motar kaya, a huta da jan gero da gyaɗa daga ƙauyenmu na ƙasar Gangara zuwa bakin kwalta. Sharaɗi guda Baba ya kafa: motar ta zo ƙofar gida ta ɗauki kaya, ta fita da shi da ƙafarta.

Yaya ya tafi bakin teku ya dawo da wata zabgegiyar farar mota. Ƙarfin injin ne ya ja shi gare ta. Duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya ji cewa dawakin injinta sun fi na kowace mota a tashar Tanut, har na ce masa to a fara tara musu harawa. A kwalta kam ba ta da abokin gudu. Ya ɗauko ni daga Damagaram inda na je cin kasuwa, muna wuce motoci yana ɗaga musu hannu kamar mai gaisuwar salla.

Tsakanin garinmu da kwalta akwai wani tudun rairayi da shanun Baba suka saba hawa a hankali, kai a ƙasa. Da za ta shigo ba kaya, motar ta haye shi lafiya. Aka loda mata geron rabin gari da gyaɗar da nake kaiwa kasuwa. A gindin tudun Yaya ya sa bitas na farko, wato giya ta ɗaya. In ya taka a hankali injin ya mutu, in ya taka da ƙarfi ƙafafun baya su haƙa rami, ga warin ƙuna ya cika mana hanci. Ƙarshenta sai da aka sauke buhunan, aka aro amalanken maƙwabta suka haye da su. Baba yana tsaye da sandarsa yana kallon shanun wasu suna jan geronsa. Tausayinsa ya kama ni, har na haɗiye gorin da na tanadar wa Yaya.

Makanikin da ya duba ta a Damagaram ya ce injin ba shi da laifi, ƙarfinsa ma ya yi wa aikinmu yawa. Matsalar tana cikin fon, tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya, mai haƙoran da ke kai musu ƙarfin inji. Nata dogo ne, an yi shi don shimfiɗaɗɗun hanyoyin Turai, inda ake son gudu da ɗan mai kaɗan. In aka sa gajere, ƙafa za ta riƙa juyawa a hankali da ƙarfin ja, ta hau rairayi da kaya. Sai dai gudun ya tafi ke nan, kuma a kwalta za ta ƙara shan man gazuwal. Ya ce Yaya ya zaɓa, don ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Yaya ya yi kwanaki yana juya maganar. Na san abin da ke ci masa rai: ya riga ya hango kansa a hanyar Agadas, inda mai sauri ke samun lodi. Abokansa direbobi suka ce ya bar ta yadda take, ya riƙa jiran kaya a bakin gudoro, wato kwalta, kamar kowa. Wata safiya ya same ni ina tuyar ƙuliƙuli, ya tsuguna kusa da murhu.

"Ƙanwata, in na tsaya bakin gudoro, da mi Baba zai kawo mani geron?"

Na ci gaba da juya ƙuliƙulina, don na san ba ni yake tambaya ba.

Na raka shi Damagaram aka canja fon, aka sa gajere. A hanyar dawowa motocin da muka taɓa wucewa suka yi ta wuce mu suna mana oda. Na tambaye shi ko in sauka in riga shi isa gida. Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba.

Ranar lodi na biyu Baba ya ce shi ma zai shiga gaba. A gindin tudun Yaya ya sa bitas na farko, bai matsa ƙafa ba. Motar ta kama rairayin tana gurnani ƙasa-ƙasa, tana hawa ba ta fi mai tafiyar ƙafa sauri ba. Baba ya dafa ƙarfen gabansa yana yi mata 'yar ƙarar harshen nan da yake yi wa bajimansa, bai ma san yana yi ba. Da muka kai ƙoli ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon garin a bayanmu.

"Kada ka matsa mata," ya ce wa Yaya. "In mun sauka, a ba ta ruwa."