Sunan da ke shafin tsakiya

Shekarun baya, ina aji biyar a sakandare, aka kawo mana sabon malamin lissafi daga nesa. Mutum ne mai zafi, ba ya dariya. Dokarsa ta farko ita ce duk wanda ba shi da littafin giraf kada ya shigo masa aji. Littafin nan ne mai ƙananan gidaje kamar raga, a ɗiga ɗigo a ciki a haɗa su da layi. Mahaifina ya sayo mini nawa a Kankia. Ni kuwa ban taɓa haɗa ɗigon ya yi kyau ba. Na kowa ya lanƙwasa kamar ƙwarya, nawa ya fito kamar sawun kaza.

A ƙauyen Ƙofa muke a lokacin, da keke nake zuwa makaranta a Kusada kullum. Kakana malamin zaure ne, mutane na zuwa ya yi musu addu'a ko rubutu. Idonsa ya yi rauni, har ba ya iya jan layin hatimi ya miƙe, wato gidajen nan da ake cikawa da haruffa. Ranar da ya ga littafina ya daɗe yana shafa shi, ya ce ashe 'yan boko ma sun san hatimi, abin zubawa ciki ne ba su sani ba. Manyan layukan littafin yana iya ganinsu. Tun daga nan nake bar masa littafin a zaure, ya yi rubutunsa a shafin tsakiya ya ɓalle.

Wata Litinin na makara, na suri littafin na jefa a jaka ban duba ba. Malam ya tattara aikin gida yana dubawa a gabanmu. Da ya zo kan nawa sai littafin ya buɗe a tsakiya. Ya tsaya cak. Jan biron da ke hannunsa ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Can ya kira ni, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san shi da ita ba.

"Wa ya faɗa maka wannan sunan?"

Na leƙa, sai na ga hatimi da baƙar tawada, da layi biyu na ajami a ƙarƙashinsa. Na rantse masa ban san komai ba, rubutun kakana ne. Kafin a fita hutun tara labari ya zagaye makaranta cewa na yi wa malam asiri don in ci jarrabawa. Har abokina da muke zama benci ɗaya ya matsa gefe. Shugaban makaranta ya ce in zo da mahaifina gobe, in abin ya tabbata kora ce. Malam ya ce a bari, shi zai je da kansa.

Da aka tashi ya ɗora ni a bayan mashin ɗinsa. Damina ce, gero ya rufe hanya hagu da dama. Kekena kuwa a makaranta na baro shi.

Muka tarar da kakana ya idar da azahar. Bayan gaisuwa malam ya miƙa masa littafin. Kakana ya kai shi kusa da ido, ya ce ashe nan ya baro rubutun. Ya ce ranar Alhamis da hantsi, kowa yana gona, wata mata ta yi sallama. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ƙi shigowa, ta ƙi zama. Ta ce ɗanta yana koyarwa nan kusa, zuciyarsa ta yi nauyi, ba ya samun barci, a taimaka a yi masa rubutu. Da ya nemi sunan ɗan sai ta ce ɗan fari ne, ba ta iya faɗa. Ta ba shi sunan da take kiransa da shi, ta ba shi nata.

Malam ya tambayi kamanninta. Kakana ya ce idonsa bai ga komai ba sai farin mayafi, amma tana da ɗan in'ina. Ya ce ya tambaye ta yaushe za ta dawo ta karɓa.

Malam ya ce, "Mi ta ce, Baba?"

"Ta ce in ba ta dawo ba, kai za ka zo da kanka."

Malam ya sunkuyar da kai.

"Baba, mahaifiyata ce, shekara tara ke nan da rasuwarta. Ni na sa ta a kabari. Sunan nan ko matata ba ta san shi ba."

Kakana ya daɗe yana jan carbi. Ni dai ina raɓe jikin bango, rana tsaka amma sanyi nake ji. Daga ƙarshe ya ce Allah ne masani, shi dai an ce masa za a zo, kuma ga shi an zo. Ya ɓalle shafin, ya ninke, ya ba shi, ya ce ya yawaita yi mata addu'a da sadaka. Malam ya karɓa da hannu biyu, hawaye na sauka kan gemunsa.

Washegari ya wanke ni a gaban shugaban makaranta, ya ce rashin fahimta ne. Bai sake tayar da zancen ba, kuma bai ƙara mini ko maki ɗaya ba. Mahaifiyata ta bi maƙwabta tana tambaya, babu wanda ya ga baƙuwa ranar Alhamis. Mahaifina ya ce wataƙila wata 'yar uwar marigayiyar ce. Malam ya ce ba ta bar 'yar uwa a raye ba. Da shekara ta ƙare ya nemi a mayar da shi garinsu.

Na girma, na juya abin ta kowace fuska, ban samu bayanin da ya zauna mini ba, kuma na daina nema. Kakana ya rasu bai taɓa canza ko kalma ɗaya a labarin ba. Ni ma ɗan fari ne, mahaifiyata tana nan da ranta. Duk lokacin da ta kira ni daga tsakar gida da sunan da ita kaɗai ke kirana da shi, sai tsikar jikina ta tashi. Ko me nake yi, ajiyewa nake in je.