Kiɗan da ba shi da ubangida

Babana makaɗin mahauta ne a kasuwar Wudil, kuma a wurinsa babu kiɗan da ba shi da mai shi: kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma, tambari na sarki. Ni kuwa, a shekarun da arzikin mai ya buɗe, na samu aiki a masaƙa a Kano, na dawo gida wata Juma'a da garmaho da fayafayai da jita. Kiɗan rok-an-rol ya riga ya tafi da ni. Tsorona ɗaya: kada Baba ya ce na zubar da gadon gidanmu, ya hana ni taɓa jitar nan.

Bayan la'asar na kunna masa a zaure. Na fara da wani Bature mai murya kamar zuma, don na ɗauka shi zai fi shiga. Baba ya saurara, ya taɓe baki.

"Wannan rigarsa yake tattali. Sa wani."

Na sa wani baƙar fata ɗan Amurka, mai dukan fiyano kamar ya yi masa laifi, yana ihu har muryarsa na tsagewa. Har yau ban ji wanda ya kai shi ba. Ganga tana faɗowa inda ba ka zata ba, jita na amsa masa kamar 'yan amshi. Baba ya gyara zama.

"Wa yake wa kirari?"

"Ba kowa, Baba."

"Ba kowa? To wa zai ba shi riga? Kiɗan su wa ne?"

Sai ya juya wa garmahon baya, ya zuba wa ƙofa ido, yadda yake yi a kasuwa in zai gane ko kiɗa ya kama. Masunta da suka taso daga kogi sun yi cirko-cirko a waje, har da wani dattijo mai tallan tukwane, ƙafarsa na motsi shi bai sani ba.

"Na gane," in ji Baba. "Kiɗan talaka ne da ya tashi daga aiki. Wannan da guminsa yake yi."

Ya ɗauki jitar, ya dubi igiyar ramar da na ɗaura mata, ya yi tsaki. Ya kwance maratayin fata na kalangunsa ya miƙo mini.

"Ɗan makaɗi ba ya rataya kayan sana'a da igiyar akuya."