Saratu da Tsohuwar Bayan Dutse

A shekarun da Minna ta zama babban birnin jiha, iyayenmu suka koma cikin gari neman aiki, mu kuma aka bar mu a Maikunkele wajen Kaka, mahaifiyar babanmu. Da an ci tuwon yamma sai ta hura wuta a tsakar gida, ta cusa doya cikin garwashi, mu kewaye ta. Ba a fara labari sai an yi addu'a, addu'ar Kaka kuwa doguwa ce, har doyar kan ƙone ta gefe guda.

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Guda ɗaya ce take faɗa da murya ƙasa-ƙasa. "Ga ta nan tafe, ku matso," in ji ta. "Wannan ba ta dabbobi ba ce."

Wai a wani ƙauye kowa ya bar tsafin kakanni, wasu suka shiga coci, wasu masallaci, sai wata tsohuwa mai suna Lami ta ƙi. 'Ya'yanta suka yi ta mutuwa, aka ce ita ta cinye su. Aka kore ta, ta kafa bukka a bayan dutse. In ta sauko rafi, mata kan kwashe tulunansu su watse.

Akwai wata matashiya, Saratu, mai ba da waƙa a zumuntar matan coci. Wata rana ta je itace ta tarar da Lami kwance a bakin hanya, ƙafarta ta kumbura, ƙudaje na bin ta. Ta sauke itacen daga kafaɗa, ta goya tsohuwar har bukkarta, ta wanke mata gyambon. Washegari ta dawo da tuwo, daga nan kuma ya zama kullum.

Dattawan coci suka kira ta. "Ke Kirista ce, me ya haɗa ki da mai tsafi?"

"Baba, ƙafarta ce ta haɗa mu."

Suka cire ta daga cikin mawaƙa. Ta koma bencin baya, ba wanda ke zama kusa da ita. Ba ta fasa zuwa coci ba, ba ta kuma fasa zuwa bayan dutse ba.

Sai ɗanta na fari ya kwanta da zazzaɓi mai tsanani. Lami ta kama hannunta ta ce, "'Yata, kawo baƙar kaza mu yanka a gindin dutse. Kakannina za su ji ni saboda ke."

Saratu na hawaye ta ce, "Iya, komai kika ce zan yi, ban da wannan. Ina da wanda nake roƙo."

Tsohuwar ta saki hannunta, ta ce, "To, je ki roƙe shi."

Yaron ya rasu. A nan Kaka kan tsaya, ta yi ta tona wutar ba dalili. Ƙauye ya ɗauka cewa mayya ta lashe ɗan wadda ke ciyar da ita. Mijin Saratu ya daina yi mata magana. Da aka tashi zaman makoki, ta ɗauki kwanon tuwo ta nufi bayan dutse. Lami ta hango ta, ta maƙale a lungun bukka.

"Kin zo ki tsine mini?"

"Na zo mu yi kuka, Iya. Duk garin nan ke kika fi sanin wannan ciwon."

Da damina Lami ta mutu. Saratu kaɗai ta yi mata wanka. Tana fama da ƙasa da 'yar fartanya sai ga mijinta da diga. Ya tsaya kusa da ita, ya kama haƙa kabarin.

Yayana Bulus ya taɓa tambaya, "Kaka, tsohuwar ta tuba kafin ta mutu?"

"A'a."

"Ashe Saratu ta yi wahalar banza."

Kaka ta dube shi. "Aikenta aka yi ta ƙaunaci mutum, Bulus. Sauran aikin ba nata ba ne."

A lokacin amsar ba ta gamsar da ni ba. Na so a ce yaron ya warke, tsohuwar ta shigo coci ana guɗa.

Sai bayan Kaka ta rasu, ina zaman aure a cikin Minna, maƙwabciyata Talatu mai burkutu ta kamu da ciwon nan mai ramar da mutum, wanda a lokacin ko sunansa ba a son faɗi. Talatu ba ta coci, ba ta masallaci. Abokan shanta suka gudu, matan gidan hayarmu suka ware mata bokiti. Na fara kai mata kunu ina jin tsoro, matan zumunta kuma suna yi mini kallon da na gane ma'anarsa.

Ran nan Talatu ta ce mini, "Maman Rahila, kada ki kawo mini fasto."

Na ce ba zan kawo ba, amma ni ba zan daina yi mata addu'a ba.

Ta yi murmushi da busasshen leɓe. "Yi abarki. Amma ki yi a nan kusa da ni, in riƙa jin muryar mutum."

Haka na yi har ranar da ta cika. Ban san abin da ya wuce tsakaninta da Mahaliccinta ba, na kuma daina ganin dole sai na sani. Na dai san ba ta mutu ita kaɗai ba.