Uwar Cibiya da Rufin da Ya Tsage

Kafin a kawo tsoho na farko ƙofar cibiyar kula da tsofaffi ta unguwarmu, ita ta riga ta zagaye ginin. Takan fara da banɗaki, ta girgiza ƙarfen da ake dafawa a jikin bango ta ji ko ya saki. Ta goga tafin ƙafarta a kan tayal ko da santsi. Ta ɗora butar shayi, ta ware kofunan masu ciwon suga gefe guda. Sannan ta tsaya bakin ƙofa tana karɓar iyayenmu, kowa da irin gaisuwarsa. Akwai tsohuwar da sai an yaba ɗankwalinta take shiga. Akwai tsohon soja da sai an ƙame masa. Mahaifina kuwa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keken ɗinki, sai ta ce, "Baba Tela, aiki na jiranka," sannan ya yarda ya saki hannuna.

Uwar Cibiya muke kiranta. Tsohon sojan ya taɓa tsare ta da tambaya: "Cibiyar wa? Tawa dai an yanke ta tun ba a haifi kakarki ba." Ta ce masa ai shi ya sa take lallaɓa abin da ya rage. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ina rubuta wannan jinjina ne gabana yana faɗuwa.

Ƙungiyar sa-kai ce ke tafiyar da cibiyar, a wani tsohon ɗakin taro na ƙaramar hukuma. Tallafin hukumar ne ke riƙe da wuta da ruwa da abinci da albashin ma'aikata 'yan ƙalilan. Ba a bayar da shi dindindin. Kowace shekara sai an sake nema, sai masu duba gini sun zo sun leƙa, sai kansiloli sun zauna sun ga ko mu za a ba, ko filin wasa, ko ɗakin karatu. Mu da iyayenmu ke fama da ciwon mantuwa mun san abin da rufe wurin yake nufi. Kafin in kai Baba can, na taɓa dawowa daga aiki na tarar da gas a kunne, shi kuma yana zaune kusa da shi yana neman ashana.

A daminar bara, ana dab da zuwan masu duba gini, Uwar Cibiya ta ga tsaga a rufin babban ɗakin da tsofaffi ke cin abinci. Da farko siririya ce kamar zare. Bayan an yi ruwa mai ƙarfi sai ta buɗe, ƙurar siminti ta fara sauka a kan tebur. Ranar da ta ga haka, ranar ta kwashe kowa zuwa baranda, ta ce musu yau shan iska za a yi. Daga nan ta kira kwamitin ƙungiya. Ina cikin zaman, domin ni ke wakiltar iyalai.

Shugaban ƙungiya tsohon malamin makaranta ne, mutumin kirki, matarsa ma tana cikin waɗanda ake kulawa da su. Ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya ce, "A cike ta, a shafa fenti. Su zo su duba su tafi. Da zarar tallafi ya fito, abin da za mu fara gyarawa ke nan. Na yi alkawari."

"Malam," in ji Uwar Cibiya, "kujerar matarka a ƙarƙashin tsagar nan take."

"Na sani!" in ji shi. "Kina ganin ban sani ba? In suka rufe mu, ina zan kai ta? Ni ma ƙwayar hawan jini nake sha. Wurin da aka rufe ba a cika sake buɗe shi ba, kin fi ni sani."

Duk inda mutum ya juya, tsoro ne. Uwar Cibiya ta zauna kusa da shi, ta ce a hankali, "Wallahi ni ma tsoron nake ji, aikina ne zai fara tafiya. Amma ba zan iya miƙa wa tsoho shayi ina satar kallon sama ba. In sun zo, zan nuna musu."

Ta kuwa nuna musu. Ita ta ɗauko tsani da kanta. Injiniyan hukuma ya hau, ya ƙwanƙwasa, ya sauko fuskarsa ta canza. Kafin la'asar an zagaye ginin da jan kirtani, an garƙame ƙofar gaba, an ce maganar tallafi ta tsaya sai kansiloli sun zauna.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Wasu iyalai sun daina gaishe ta. Wata mata ta tare ta a kanti ta ce, "Kin kyauta, ke kin wanke kanki, mu kin jefa mu wuta." Ba ta rama ba. Albashinta ya tsaya, amma kullum tana kan hanya, gida gida. Ta yi wa wannan wanka, ta zauna da wancan don 'yarsa ta samu zuwa aiki, ta tuna wa wani maganinsa. Tsohon sojan ya daina cin abinci sai ta zo. Matar shugaba ta faɗi a banɗakin gida ta karya ƙugu. Uwar Cibiya ce ta fara isa asibiti, kuma na ga yadda ta tsaya a bayan ƙofa kafin ta shiga ta fuskanci mijin.

Ni kuwa kulle Baba nake yi in tafi aiki, maƙwabciya tana leƙa shi. Wata rana da tsakar rana hadari ya haɗo, maƙwabciyar ta kira ni tana kuka. Ta buɗe don ta ba shi abinci, wayarta ta yi ƙara, ta juya, shi ke nan. Babu Baba.

Na bi titi ina kiran sunansa kamar mahaukaciya. Na duba tashar mota, na duba tsohon shagonsa wanda yanzu ake sayar da wayoyi a ciki. Ruwa ya sauko, magudanar bakin titi ta cika tana gudu, ni kuma na kasa hana idona kallon cikinta. Da na kira Uwar Cibiya, tambaya ɗaya ta yi mini: "Ya ɗauki tef ɗinsa na awo?" Na kira maƙwabciya ta duba ƙusar da yake rataye shi. Babu. Uwar Cibiya ta ce, "To aiki ya tafi. Same ni a can."

Tare muka isa. Ƙofar gaba tana garƙame, amma ta baya, ta wajen kicin, ruwa ya ruɓar da katakonta, an tura ta a buɗe. Daga bakin ƙofar babban ɗaki muka hango shi. Yana zaune a gaban tsohon keken ɗinkin da ta ajiye masa a kusurwa, wanda ta cire wa allura tuntuni, yana taka shi cikin natsuwa. Rufin da ke samansa ya yi ciki ya sauko. Ruwa yana zuba ta tsagar, ɓarɓashin siminti yana faɗowa a kan tebura, ga wani irin kuka da katakon sama yake yi duk lokacin da iska ta buga.

Na yunƙura zan ruga, ta damƙe mini hannu. "Kar ki yi ihu, kar ki ja shi. In ya tsorata zai riƙe keken, mu biyu ba za mu iya ɓamɓare shi ba. Tsaya nan, ki kira 'yan kwana-kwana."

Ta shiga. Ba ta yi gudu ba. Takawa take kamar wadda ta zo karɓar ɗinki, ruwa yana sauka a kanta. Ina jin muryarta sama-sama saboda ƙarar ruwan.

"Sannu da aiki, Baba Tela."

"Yawwa. Kayanki ba su gama ba, ki dawo jibi."

"Ai sabon ɗinki na kawo. Riga nake so, ta fita kunya. Amma ɗakin nan duhu, kar ka yi mini kuskuren awo irin na wancan karon."

Baba ya tsayar da ƙafarsa, ya harare ta. "Ni? Ban taɓa kuskuren awo ba tunda nake."

"To zo wajen haske ka nuna mini."

Wani gutsuren siminti ya faɗo a kan teburin da ke kusa da su, ya tarwatse. Baba ya zabura, ya kai hannu ya riƙe keken. Na toshe bakina da mayafi. Ita ko sama ba ta kalla ba. Ta miƙa masa hannunta ta ce, "Fara da hannu, dogon hannu nake so." Ya dube ta, ya dubi hannun, ya saki keken, ya zaro tef daga wuyansa. Tana ja da baya kaɗan kaɗan, yana biye da ita yana mita cewa mata ba sa iya tsayuwa wuri ɗaya. Haka ta fito da shi har kicin, har waje. A cikin ruwan ya gama auna ta, ta kuma tsaya masa. Sai da na rungume shi sannan ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka.

Gefen rufin nan ya rufta kafin ƙarshen daminar, ba kowa a ciki. Ranar zaman kansiloli, shugaban ƙungiya ne da kansa ya tura matarsa a keken guragu ya shiga gaba, muka biyo shi da iyayenmu. Uwar Cibiya ba ta iya jawabi ba. Ta ce musu kawai ta nuna tsagar ne don ta yarda za a gyara, kar su koya wa wanda zai zo bayanta cewa fenti ya fi gaskiya riba. An yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka ba da tallafin gyara. Bai kai yadda aka nema ba. An buɗe babban ɗaki, ɗakin motsa jiki yana rufe har yanzu. Wasu tsofaffin kuma ba su dawo ba, sun rasu a lokacin da wurin yake kulle, kuma na san tana ɗauke da wannan a ranta.

Uwar Cibiya, ke ce kika shiga inda ni 'yarsa aka hana ni shiga. Ke ce kika ji tsoro kamar kowa, amma ba ki bar shi ya zaɓa miki ba. An zage ki a kan iyayenmu, kika wuce gidajen masu zagin kika yi wa iyayensu wanka. Na gode, a madadin Baba da ba zai iya tuna abin da kika yi masa ba. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma masu karatu, tallafin bana bai fito ba tukuna, kuma an ce masu nema sun fi na bara yawa. In akwai irin wannan wuri kusa da ku, ku leƙa. Ku ba da rana guda a mako, ku je zaman kansiloli ku cika kujeru, in kun ga ɓaraka ku faɗa. Kar a bar wa mutum ɗaya.

Da na kai wa Uwar Cibiya wannan rubutu, na tambaye ta me za ta yi in ta huta. Ta yi dariya, ta ce barci tukuna. Sai ta dubi tsofaffin da ke shan shayi, ta rage murya. "Kwanan nan sunaye suna kuɓuce mini, 'yata. Likita ya ce in dawo a sake dubawa. Ni ba ni da ɗa a garin nan. In lokacina ya yi, nan za a kawo ni. Don Allah ku tabbata na tarar da ƙofar a buɗe."