Audu na Kande da Dokar Maki

Duk wanda ya yi karatu a kwalejin nan ta Yelwa cikin shekaru ashirin da suka wuce ya san Audu na Kande, ko da bai taɓa taka filin wasa ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, yana ɗan jan ƙafar hagu in yana tafiya. A takarda, aikinsa kula da fili ne: ya yanke ciyawa, ya ja layi da farar ƙasa, ya kulle ƙwallaye da raga a sito. Amma ba don wannan ɗalibai suke kiransa Baba ba.

A wani ƙauye na bakin tafki kusa da Wara aka haife shi, shekara biyu bayan ruwan dam ya cinye tsibirin iyayensa aka taso su tudu. Mahaifinsa masunci ne. Mahaifiyarsa Kande kuwa daga cikin Gungawa take, mutanen da kokawa a jininsu take, kuma 'yan'uwanta maza ne suka fara jefa shi fage. In an gama girbin gero, ruwa ya ja baya ya bar yashi, samarin ƙauyuka sukan haɗu da la'asar a kafa ganga. Audu ba shi da saurin hannu. Abin da Allah ya ba shi haƙuri ne. In ya kama mutum sai ya dasa ƙafafu a yashi ya kafe, ya kwantar da kunne a kafaɗar abokin karawarsa yana sauraron numfashinsa. Da ya ji numfashin ya fara yankewa sai ya sa taɗiya, a ji mutum tim da ƙasa. Da wannan ya yi suna daga Wara har Ngaski, har gwiwarsa ta goce yana da shekara talatin, ya bar fage, ya bar jirgi, wani kawunsa ya samo masa aikin fili a Yelwa.

Bai daɗe ba ɗalibai suka gano ko shi wane ne. Suka roƙe shi ya zuba musu yashi a bayan sito, ya kewaye da buhuna. Tun daga nan shi ne mai koyarwa, shi ne alƙali, ba tare da wani ya rubuta masa hakan ba. Dokarsa ita ce wadda ya tarar a gida: babu agogo, babu ƙirge. Ka ka da mutum, ko ku gaji a raba ku canjaras.

Shekara biyu ke nan da Malam Philip, malamin wasanni, ya dawo daga taron kwalejoji da wata takarda. Bakambare ne mai sanyin magana, ya girmi ɗalibai da kaɗan, kuma yana ganin girman Audu. Bai aika a kira shi ofis ba, shi ya tako har gindin darbejiyar da Audu ke wasa adda.

"Baba Audu, an canza mana doka," in ji shi. "Karo zai zama minti shida. Wanda ya tura abokinsa waje da buhuna yana da maki ɗaya. Wanda ya sa gwiwar abokinsa ta taɓa ƙasa, biyu. Kaye yana nan, da an yi shi an gama. In lokaci ya cika ba kaye, mai maki da yawa ya ci."

Audu ya ajiye adda. "Malam, mutum bai faɗi ba, shina tsaye da ƙafafunsa, a ce an ci shi? Mi za a gaya wa innarsa in ya koma gida?"

"A ce an fi shi aiki, Baba. Bara karo ɗaya ya cinye mana minti arba'in, motar mutanen Zuru tana jira. Ga ƙananan ɗalibai sun daina zuwa, sun san babba zai danne su har su gaji."

"To ƙarami ya koyi dabara mana. Mu haka munka koya."

Suka yi ta yi har aka kira la'asar. Philip bai ɗaga murya ba, Audu bai sauko ba, takardar kuma ba ta canza ba.

Ranar gasar kwaleji ta zo a watan Janairu. Karon ƙarshe ya faɗa tsakanin Auwal, wani ƙato ɗan Shanga da Audu ya fi ji da shi domin ya ɗauko irin haƙurinsa, da Samuel, siririn ɗalibi mai ƙafa kamar ta barewa. Shamsiyya, 'yar Audu ta biyu, wadda ke karatun wasanni a kwalejin, ita ce a kan teburi da agogo da littafin maki. Ana busa usur, Auwal na neman wurin dasa ƙafa, Samuel ya afka masa da kafaɗa, diddigen Auwal ya tsallake buhu. Maki ɗaya. Daga nan Samuel bai ƙara yarda an kama shi ba. Ya yi ta zagaye, yana kaɗe hannun Auwal, yana ja da baya, yana satar kallon teburi. 'Yan kallo suka fara ihu. Makaɗin da aka ɗauko daga gari ya kifa gangarsa ya zauna a kai. Shamsiyya ta kaɗa ƙararrawa.

Audu ya kama hannayen su biyun. Na Auwal bai ko jiƙe da gumi ba. Ya ɗaga na Samuel, domin doka ce kuma shi ne alƙali, amma bai iya duban kowa ba. Da safe ya kai usur ofishin Malam Philip ya ajiye a kan teburi, ya ce shi ciyawa aka ɗauke shi yankewa, ita zai ci gaba da yankewa.

Wata uku bai leƙa bayan sito ba. Yana jin motsin 'yan kokawa daga nesa yana juya baya. A gida ma ba ya son zancen, har wata Asabar da hantsi Shamsiyya ta zauna kusa da shi da littafinta.

"Baba, ba gardama na zo yi ba. Abin da na rubuta kawai zan karanta maka."

Ta ce bara ɗalibai goma sha huɗu ne ke zuwa horo, bana talatin da ɗaya. Bara mutum uku aka kai wajen mai ɗori, bana ɗaya. Audu ya yi tsaki zai tashi, sai ta ce bai ji sauran ba. Bara cikin karo ashirin, goma sha bakwai da kaye suka ƙare. Bana shida kacal. Sauran duk wani ne ya samu maki ya yi ta gudu.

"To ke ɗiyata, ina kika tsaya?"

"Ban sani ba, Baba. Shi ya sa na kawo maka."

Wannan amsar ta fi gardama damunsa. Da ta goyi bayan Philip da ya san abin da zai ce.

Sati biyu bayan haka rasuwar wani ɗan'uwa ta kai shi Wara. Bayan an yi gaisuwa ya gangara bakin ruwa neman Nasiru, wanda suka yi tashe tare. Karonsu na ƙarshe har yau tsofaffi na ba da labarinsa: sun kama juna tun rana na da zafi har inuwar makaɗa ta kai tsakiyar fage, sannan Audu ya ɗaga shi ya maka. Nasiru ya sauka a kan kafaɗar dama. Hannun bai ƙara ɗaguwa sama da kunne ba, jefa birgi, ragar kamun kifi, ya gagare shi, ya koma gyaran raga da bandar kifi. Bai taɓa riƙe Audu a zuciya ba, amma Audu bai taɓa ganin hannun nan bai kawar da ido ba.

Ya same shi a rumfa, hayaƙin banda na tashi a bayansa, raga a saƙale a babban yatsan ƙafarsa. Suka gaisa, suka yi ta'aziyya. Audu ya kwashe labarin maki da agogo ya gaya masa, yana jiran ya taya shi takaici. Nasiru ya yi dariya har da tari.

"Kash! Ina ma an yi wagga doka a zamaninmu. Na Kande, sau nawa na watsa ka cikin makaɗa ran nan? Sau ukku. Har ganga ka fasa. Da ni na ci ka tun kafin ka yi gumi, in koma gida da hannuna."

"Ai turi ba kokawa ba ne."

"Tsayuwa fa? Ni ke ta aiki, ina ɗauka, ina murɗa, kai ka rungume ni kamar turmi kana jira in ƙare. Yaron nan da kake zagi da ƙafa yake gudu. Kai a tsaye kake naka gudun. Mu dai ba mu da agogon da zai tona ka."

Ya faɗi haka yana ci gaba da ɗaura zarensa, ba da zafi ba. Shekara talatin ana yi wa Audu kirari da wannan tsayuwar, bai taɓa jin an kira ta da wannan suna ba.

"To kana nufin dokar ta yi?" ya tambaya daga baya.

"Ni ban ce ba. Wa zai baro kasuwa ya zo kallon mutum biyu na zagaye kamar awaki a turke? Ka dai daina cewa naku ne mai tsarki."

Ya naɗe masa busasshen tarwaɗa a takarda ya ce a kai wa yara. Duk tsawon hanyar Yelwa, a bayan mota tsakanin buhunan albasa, Audu yana ta juya maganar Nasiru a ransa.

Ranar Litinin ya shiga ofishin Malam Philip ba tare da ya cire hular ranarsa ba. Ya ce yana da magana biyu, a rubuta. Ta farko, wanda ya ja da baya ya ƙi kamu, a gargaɗe shi sau ɗaya, na biyu a ba abokinsa maki. Philip ya rubuta da sauri yana murmushi. Ta biyu, wanda ya kama ya kafe bai kai hari ba, shi ma haka.

Philip ya ɗaga biro. "Baba, wannan ai Auwal za ta fi ci. Kai ka koya masa."

"Na sani. Rubuta."

Audu ya ɗauki usur ɗinsa daga inda ya bar shi.

Taron kwalejoji ya karɓi ta farkon, ya ajiye ta biyun, wai da wuya alƙali ya bambance mai jira da mai shirin hari. Audu ya ce shi yana iyawa, kuma a bayan sito ya yi ta aiki da ita ko da ba ta cikin takarda. Auwal ya sha wuya. In ya kafe ya wuce ƙirga goma, sai ya ji usur a kunnensa. Sau biyu ya yi fushi ya tafi, sau biyu ya dawo. Samuel kuma, da hanyar gudu ta toshe, ya zo da kansa ya durƙusa ya ce a koya masa taɗiya. Audu ya koya masa, har da wadda bai taɓa nuna wa kowa ba.

A gasar da ta biyo baya kaye goma sha ɗaya aka yi cikin karo ashirin. Auwal da Samuel ba su ma haɗu ba, wani ɗan aji ɗaya daga Birnin Yauri ya fitar da Samuel tun a zagaye na biyu, Auwal ya ci kofin da maki huɗu da uku. Philip ya ce doka ta yi aiki. Audu ya ce sha ɗaya ba sha bakwai ba ce, kuma har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta da ɗaga hannun mutum alhali abokinsa na tsaye ba. Sukan yi wannan gardamar kusan kowane mako, Shamsiyya na gyara musu lissafi in ɗayansu ya ƙara gishiri.

Auwal ya gama karatu, an tura shi koyarwa wata firamare a ƙasar Shanga. Kwanan nan ya bugo waya, ya ce shugaban makaranta ya yarda ya fara koya wa 'yan aji shida kokawa, da wace doka zai fara, tsohuwa ko sabuwa? Audu ya mayar masa da tambaya.

"Filin naku yashi ne?"

"A'a Baba, tsakuwa ce da jar ƙasa."

"To kada ka bari ko ɗaya ya kama wani a kanta. Ka samo amalanke ka je bakin kogi, lodi shida aƙalla, ka tankaɗe shi saboda ƙaya da kwalba. In ka zuba ka kira ni."

Auwal ya ce ran Asabar in Allah ya yarda. Audu ya ce shi ma zai duba ko akwai motar Shanga ran nan.