Ranar da Takarkarin Alkasum Ya Daina Tuƙa

Alkasum mutumin Gaffati ne, sana'arsa ɗaukar kaya a takarkari. Da kaka yakan kai gyaɗa Zinder, ya komo da kanwa da gishiri. Ba shi da yawan magana. In ya ce zai zo, za a gan shi, shi ke nan. Matarsa Hajjo ta rasu shekarar da manyan motoci suka fara ƙwace masa aiki. Ɗansu Illa ya shiga sojan Faransa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gida ya rage daga shi sai jan takarkarinsa, Dogo.

Tun rasuwar Hajjo abinci ba ya shigar masa a ɗaki. Sai ya ɗauki akushi ya zauna gindin turke. Dogo na kwance yana tuƙa, yana maido ciyawar da ya haɗiye yana sake taunawa a hankali, shi kuma yana kai loma. Baki biyu na motsi a gidan, wannan ya ishe shi.

Daminar da aka sami 'yancin kai, Dogo ya cika ciki da ɗanyar ciyawa mai raɓa, ya kumbura. Kumburin ya sace, amma tuƙa ta tsaya. Dabbar da ta daina tuƙa kuwa, kowa ya san inda ta dosa. Garba mahauci ya leƙo ta kan darni.

"Baba Alkasum, in zo da wuƙa tun yana da nama?"

"Wuce da wuƙarka."

Magani ɗaya ya sani: a ciro tuƙa daga bakin lafiyayyar saniya, a ɗura wa marar lafiya tun da ɗuminta. Sai dai mutanen garin sun ce duk wanda aka ciri tuƙa daga bakin saniyarsa, an cire masa arzikin garke. Alkasum ya zaga gidaje. Kowa ya yi masa jaje mai daɗin ji, babu wanda ya kwance igiya. Washegari gari ya watse, an tafi Zinder kallon bikin 'yancin kai.

Da hantsi yana zaune, tuwon jiya na gefensa bai taɓa ba, sai ga Kolo, tsohuwar Babarbariya ƙawar Hajjo, tana jan 'yar saniyarta.

"Kai Alkasum, ka zaga gari ka tsallake ƙofata. Tawa ba ta da baki ne?"

"Ita kaɗai gare ki, Ya Kolo. An ce arziki…"

"Wane arziki? Ka gan shi a jikina? Riƙe igiya, malam."

Suka jira har saniyar ta kwanta. Alkasum ya zuba wa wuyanta ido. Da ƙullin tuƙar ya taso, ya cafke muƙamuƙinta ya zura hannu. Ta haɗiye abinta, turamen haƙoranta suka yanke masa yatsa.

"Ko wannan sai an kira maka kwamandan Nasara?" in ji Kolo.

Karo na biyu ya samu, kore shar, da ɗumi, da tsami. Ya buɗe bakin Dogo ya tura har maƙogwaro. Kolo ta ja saniyarta ta fita, ba ta tsaya jin godiya ba.

Ya zauna. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, Dogo ko kunne bai kaɗa ba. 'Yan biki suka fara komowa, ana jin waƙarsu a bakin hanya, babu wanda ya biyo ta ƙofarsa. Rana ta yi ja sai Dogo ya yi gyatsa. Ƙulli ya taso a wuyansa, muƙamuƙi ya karkata hagu, ya komo dama.

Alkasum ya waiga wajen ɗakin Hajjo kamar zai yi kira. Ƙyauren na rufe yadda ya bar shi. Ya ɗaure yatsan da tsumma, ya jawo akushi. Tuwon ya yi sanyi, har ya fara tsami. Ya cinye shi tas.