Zakari Batir da Jirgin Tagwai

Duk wanda ya taɓa tura mota tsakanin Makera da Kakuri ya san Malam Zakariyya'u, ko da bai san sunansa na yanka ba. Zakari Batir ake ce masa. Gajere ne, mai tumbi daidai gwargwado, kuma ba shi da wando ko ɗaya da ruwan batir bai yi wa ado ba. Matarsa Hauwa ta daɗe da daina kai wa tela, ta ce in ta biye wa hujojin nan faci zai fi wandon yawa.

Da can ma'aikacin lantarki ne a masaƙa. Da masaƙa ta rufe, wasu abokan aikinsa suka koma ƙauye, wasu suka sayi babur, shi kuwa ya sayi tsohuwar na'urar caji ta kwance, ya kafa rumfa a bakin titi. Kayan aikinsa ba su da yawa: sifana ɗaya, butar ruwan zafi, da wani ƙwan fitilar mota da ya ɗaura wa waya biyu, wanda ba ya rabuwa da aljihunsa ko a wurin ɗaurin aure.

Iliminsa kuwa a kunne yake. In aka ce masa mota ta ƙi tashi, sai ya ce a kunna fitila a murɗa makulli. In ya ji tak-tak-tak da sauri, fitila ta yi ja kamar idon mai mura, to batir ne ya ji yunwa, ko kuwa farin garin nan ne ya taru a kan batir ɗin, a zuba ruwan zafi a ɗaure da kyau. In kuwa fitila ta tsaya ƙyal, aka ji ƙwas guda ɗaya sannan shiru, to kik ne, wato ɗan injin nan da ke fara juya babban. Sai ya nuna tsallaken titi da haɓa, ya ce a kai wa Monday.

Monday mai gyaran kik shi ne maƙwabcinsa kuma abokin faɗansa na shekara goma sha tara. Tare suke shan koko, Monday na kawo masa shinkafar Kirsimeti, shi yana aika masa cinyar rago da layya, amma ba su taɓa yarda da juna a kan mota ko ɗaya ba. Monday kan ce Zakari ko ciwon kai ka kai masa zai ce a yi maka caji. Zakari kan ce Monday ba shi da wani ilimi sai dukan ƙarfe da sifana har ƙarfen ya ji kunya ya tashi.

Abu biyu ne Zakari bai yarda a taɓa ba. Na farko kujerarsa: wani tsohon baƙin batir na babbar mota da ya mutu tun shekara goma sha ɗaya, ya bushe ƙayau, ya ɗora masa kwali yana zama. Ya ce duk kujerun Kaduna babu wadda ta san bayansa kamar batir ɗin nan. Na biyu kuma ruwa. An haife shi inda ake jin ƙarar Kogin Kaduna da damina, amma bai taɓa sa ƙafa a jirgi ba. Ko gada zai haye a mota, tsakiya yake zama, ya rufe ido yana salati har sai an ce an iso.

Abin dariyar, da ruwan nan yake ci. Masu haƙar yashi a kogi suna da jirage goma sha huɗu, kowanne an ɗora masa injin tsohuwar mota, kuma duk batiransu wurinsa ake kawowa. Su ne tukunyar gidansa. Shugabansu Tagwai, wani dogon mutum mai murya kamar yana magana daga cikin ganga, ya sha gaya masa cewa wani sabon shago a Trikania yana ta zawarcinsu, har da na'ura mai lambobi masu haske. Zakari ya ce lamba ba ta da kunne.

Wata Laraba a watan Agusta aka tafka ruwa da la'asar, kwata ta cika ta shigo rumfa. Zakari ya yi ta jidar batira yana ɗorawa a kan tebur, yana zagin kwata da wanda ya gina ta. Da ruwa ya janye ya sauke su, ya mayar da kowanne inda yake ganin nan ne wurinsa, ya ɗora kwalinsa ya zauna yana haki. Nan Tagwai ya zo karɓar batirin jirginsa. Da ya ɗauka ya ce yau kam bai yi nauyi ba. Zakari, da bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ya ce ai caji mai kyau haka yake, ba ya nauyi.

Washegari da hantsi yana zaune yana ta mutsu-mutsu, yana cewa tun jiya kwalin nan ya jiƙe yana masa ƙaiƙayi, sai ga kiran Tagwai a waya. Jirgi ya ƙi tashi. Tifa uku na jiran yashi, direbobi sun fara zagi. Tagwai ya ce Zakari da Monday su zo yanzu, domin Monday ne ya gyara kik ɗin makon jiya, Zakari kuma ya yi caji jiya, ɗayansu ne ya cuce shi. Ya ƙara da cewa in batir ne, to daga yau jirage goma sha huɗu sun koma Trikania.

Babur ɗaya suka hau, suna faɗa tun daga Makera har bakin kogi. A karon farko a tarihi Zakari ya rantse kik ne, Monday ya rantse batir ne. Ɗan acaɓa ya ce in ba za su yi shiru ba su sauka su ƙarasa da ƙafa.

Jirgin yana ɗaure kamar taku goma daga gaɓa, an shimfiɗa katako ɗaya daga tudu zuwa cikinsa, ruwa ja wur yana wucewa a ƙarƙashi da ciyayi da ledoji. Monday ya bi katakon yana fito. Zakari ya tsaya can nesa kusa da tifa, ya kafa hannu a kunne, ya ce a murɗa makulli.

Aka murɗa. Babu tak-tak, babu ƙwas, babu komai.

Shirun nan shi ne mugun abu, domin kik da ya mutu yana yin shiru, batir da ya mutu murus shi ma yana yin shiru. Zakari ya ce a kunna fitila. Tagwai ya ce fitilar jirgin ta fashe tun bara, su da rana suke aiki. Ya ce a danna oda. Tagwai ya tambaye shi wa zai yi wa oda a tsakiyar kogi, kifi? Monday kuwa tuni ya fara sana'arsa, yana dukan kik da sifana har masu wankin babur suka taru suna kallo.

“Baba Batir, ka zo da ƙwan nan naka mana,” in ji Monday. “Ko in aiko a goyo ka?”

Zakari ya ce zai jefa musu ƙwan su gwada da kansu. Tagwai ya ce a'a, wanda ya yi caji shi zai gwada cajinsa, a gaban kowa. In ba zai iya hawa ba, to ya faɗa, shi ya san hanyar Trikania.

Zakari ya dubi katako, ya dubi ruwa, ya tuna fuskar Hauwa in aka ce mata jirage sun tafi. Ya cire takalmi, ya cire hula ya ba wani direban tifa amana, ya ce in bai dawo ba a kai wa iyalinsa. Sannan ya durƙusa ya hau katakon da rarrafe, ƙwai a baki, wayoyi biyu na reto kamar gashin bakin tarwaɗa. Duk taku ɗaya sai ya tsaya ya yi salati ta hanci.

Yana tsakiyar katako sai ya ji dariya ta ɓarke a bayansa. Ya ɗauka rarrafen ake wa. Ashe bayan wandonsa ne ya buɗe, sabuwar huda mai faɗin faifai, gefenta duk ya zagwanye. Shi dai iska ya ji tana shiga inda ba ta saba ba.

Da ya faɗa cikin jirgi ya rungume inji kamar ɗan'uwansa da ya dawo daga Hajji. Sannan ya sake shi ya juya wurin batir. Ya duba kan batir, a ɗaure suke tsaf, babu farin gari. Ya ɗora wayoyin ƙwai, ɗaya nan ɗaya can. Ƙwai bai ko yi ƙyaftawa ba.

Sai ya dubi batir ɗin da kyau. Gefensa ya yi sumul yana sheƙi, irin sheƙin da dunduniya ke yi wa abu in ta shekara goma sha ɗaya tana gogarsa. A kusurwa ɗaya ga tabon da maganin sauro ya ƙona. Ya kai hannu baya a hankali ya shafa hudar wandonsa. Busasshen batir ba ya cin wando. Wanda aka cika da ruwa jiya, aka yi masa caji har ya ƙoshi, shi ke ci.

Zai iya cewa batir ya tsufa ne, ko waya ce ta sha wutar cikin dare, ba wanda zai ƙaryata shi. Har ya buɗe baki. Sai ya ga Monday na kallon tabon maganin sauron nan, wanda a gabansa aka yi shi.

“Oga Tagwai, kik ɗin Monday lafiyarsa ƙalau,” in ji Zakari. “Batirinka ma lafiyarsa ƙalau, yana can Makera, tun jiya a kansa nake zaune. Wannan kujerata ce.”

Tagwai ya dubi batir, ya dubi wandon Zakari. Sannan ya zauna a kan tulin igiya, ya yi ta dariya har yana buga ƙafa, jirgi na tangaɗi, Zakari na roƙonsa don Allah ya yi a hankali. Monday ya ce shekara goma sha tara yana jiran ranar nan, ga shi ta zo ba shi da caji a waya balle ya ɗauki hoto.

Monday ɗin ne ya hau babur ya ɗauko batir na gaskiya, domin Zakari ya ce shi ba zai sake bin katakon nan sau biyu ba, in ya sauka ya sauka ke nan. Aka ɗaura, Zakari ya gwada ƙwai, ya kama fari tas. Aka murɗa makulli sau ɗaya inji ya ɗauka, hayaƙi ya turnuƙe, direbobin tifa suka tafa. Tagwai ya ce na'urar Trikania za ta iya gaya masa batir ya mutu, amma ba za ta bi katako da rarrafe ta ce ita ce ta yi kuskure ba. Jirage suna nan wurin Zakari.

Sai dai ya ƙi mayar da kujerar. Ya ce ta yi daidai da abin ɗaure jirgi a gaɓa. Masu yashi suka sayo wa Zakari farar kujerar roba, wadda har yau yake ƙorafin ba ta san bayansa ba. Kuma duk wanda ya zo karɓar batir a cikinsu, sai ya ɗaga ya ji nauyi tukuna, sannan ya ce, “Malam Zakari, ɗan juya mu ga wandon.”